Gasa Yumɓun Roba a Gida: Amsoshin Tambayoyinku Kan Zafin Obin

Wasiƙun da suka taru a wannan fili na sana'ar hannu kusan duk kan abu ɗaya suke, wato yumɓun roba da ake kira folima, wanda ake yin 'yan kunne, duwatsun sarƙa, maɓallai da abin rataya makulli da shi. Kafin mu shiga amsoshin, a riƙe cewa wannan yumɓu ba ƙasa ba ne. Garin robar PVC ne, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa da wani mai da ke tausasa shi, aka zuba launi. Idan ya ji zafi, garin yakan shanye man, ƙwayoyinsa su manne su zama abu guda. Zafin da yake buƙata bai kai na gasa kek ba, yana tsakanin digiri 110 da 150 a ma'aunin Salsiyos, kuma da an doshi 175 sai ya fara ƙonewa.

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin obin na lantarki, irin na kan tebur. Na sa shi a 130 kamar yadda aka rubuta a leda, amma 'yan kunnen da ke can ciki suka yi baƙi, na bakin ƙofa kuma ba su nuna ba. Obin ɗin ne ya lalace, ko yumɓun ne jabu? — Wata mai karatu, Tudun Wada, Gusau

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da wuya a ce ɗayansu ne. Haka ƙananan obin suke aiki ko da sababbi ne fil.

Idan kin juya makunni zuwa 130, obin ba ya tsayawa cak a 130. Ƙarafan wutar da ke sama da ƙasa, waɗanda masu gyara ke kira elimen, abu biyu kawai suka sani: su kama gaba ɗaya ko su mutu gaba ɗaya. Na'urar da ke lura da zafin takan kunna su har zafi ya wuce inda kika sa, ta kashe, zafi ya sauka ƙasa da wurin, ta sake kunnawa. A ƙaramin obin wannan hawa da sauka na iya kai digiri 20 ko fiye a kowane ɓangare, kuma lambobin da ke jikin makunnin su ma sau da yawa ba daidai suke ba. Ga kek wannan ba komai ba ne. Ga farin yumɓu mai kaurin milimita 3, minti biyu a 170 sun isa su ɓata aikin yini.

Abu na biyu shi ne jan ƙarfen kansa. Idan elimen ya yi ja, zafinsa na dukan abin da ke gabansa kai tsaye, ba sai iskar ciki ta yi zafi ba. Kamar mai jin ɗumi ne a bakin wuta da hunturu, gabansa na ƙuna bayansa na sanyi. A ƙaramin obin tazarar ƙarfen da aikinki ba ta wuce 'yan santimita ba, bakin ƙofa kuma gilashi ne da ke zubar da zafi. Shi ya sa na ciki suka ƙone, na gaba suka fito ɗanye.

Ki fara da sayen ma'aunin zafi na obin, wanda ake ratayawa ko a tsayar a kan raga. Masu sayar da kayan kek kan ajiye shi. Mai allura ya wadatar, amma yana da nawa wajen motsi, don haka yakan ɓoye tsallen da zafi ke yi na ɗan lokaci. Mai lamba, wanda ke da doguwar waya da tsinken ƙarfe a bakinta, ya fi nuna gaskiya. Wasu mitocin masu gyaran lantarki ma suna zuwa da irin wannan wayar, ana iya aro. Ki ajiye ma'aunin daidai inda aikin zai zauna, ki kunna obin babu komai a ciki, ki bar shi minti 20. Daga nan ki riƙa leƙawa ta gilashi kowane minti 5 har rabin awa, kina rubuta lambar, ba tare da kin buɗe ƙofa ba. Za ki ga mafi sama da mafi ƙasa. Ki yi ta gyara makunnin har tsakiyar waɗannan lambobi biyu ta faɗa kan zafin da kike so, sannan ki yi wa wurin alama da alƙalamin maka. Daga ranar alamarki za ki bi, ba rubutun kamfani ba.

In kina son sanin kusurwar da ta fi zafi, ki jera yankakken burodi ya cika ragar, ki gasa 'yan mintoci. Wanda ya riga yin ja ya nuna miki inda ba za ki ajiye aiki ba.

Sai rage tsallen. Ki samo tayil na daɓen ɗaki guda biyu da za su shiga obin ɗin da sauran fili a gefe don iska ta zagaya. Ki sa su tun obin na sanyi, su yi zafi tare da shi, don tayil mai sanyi na iya tsagewa in ya haɗu da zafi farat ɗaya. Ɗaya a kan ragar tsakiya, ɗaya a ta ƙasa in akwai, amma kada ya taɓa elimen. Tayil na shan zafi a hankali yana sakinsa a hankali, saboda haka idan wuta ta kama ya sha rarar, idan ta mutu ya cike giɓin. Tiren ƙarfen da ya zo da obin akasin haka yake yi: nan da nan yake ɗaukar zafi ya ƙona gindin aiki. In dole sai da shi, ki ɗora tayil a kansa.

Sannan ki rufe aikin. Mafi sauƙi shi ne kwanukan foyil biyu irin na zuba abincin biki. Ki sa ɗan tayil da farar takarda a cikin ɗaya, ki jera aikin, ki kifa ɗayan a kai, ki matse bakinsu da maƙalan takarda na ƙarfe. Tsohon kwano mai murfi ma ya yi, muddin babu roba a jikinsa. In babu ko ɗaya, ki lanƙwasa foyil kamar rumfa a saman aikin, kada ya taɓa yumɓun ko ƙarfen wuta. Rufin na tare dukan elimen, amma yana jinkirta shigar zafi, don haka ki ƙara minti 10 zuwa 15 a kan lokacin. Yana da kyau sau ɗaya ki sa ma'aunin a cikin kwanon don ki san minti nawa cikinsa ke ɗauka kafin ya kai.

Kada ki sa aiki obin na kan hawa. A lokacin nan ƙarafan suna ci ba tsayawa, kuma tsallen farko shi ne mafi muni. Ki guji yawan buɗe ƙofa kuma, don duk buɗewa na zubar da zafi, na'urar ta kunna wuta da ƙarfi don ta rama. Wadda za ta sayi sabon obin don wannan sana'a ta nemi mai fanka a ciki, shi ya fi raba zafi daidai.

A jikin ledar da na saya an rubuta 275. Na juya obin har ƙarshe, 250, cikin minti biyar gida ya cika da hayaƙi. Ina kuskuren? — Wata ɗaliba, Badariya, Birnin Kebbi

Ƙanwata, ki duba ledar da kyau, za ki ga harafin F a gefen lambar. Wannan ma'aunin Faranhait ne da ake amfani da shi a Amurka, obin ɗinmu kuma galibi Salsiyos ne, mai harafin C. Lissafin shi ne a cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Ke nan 275 na Faranhait 135 ne a obin ɗinki. Haka 230 ya zama 110, 265 ya zama kusan 130, 300 kuma kusan 150.

Kowane kamfani da nasa zafin. Fimo na kamfanin Staedtler da ke Jamus 110 ne na minti 30, kuma suna gargaɗin kada a wuce 130. Cernit yana nuna tsakanin 110 da 130. Sculpey III da Premo na Amurka 275 na Faranhait ne, sai dai na farkon an rubuta masa minti 15 ga kowane kaurin milimita 6, na biyun minti 30. Kato Polyclay ya fi su son zafi, wajen 150. In kin cakuɗa Fimo da Premo don neman wani launi, 130 ya ɗauke su duka biyu.

Yumɓun da ke zuwa cikin akwati mai launuka da yawa babu sanannen suna, kada ki dogara da takardarsa kawai. Ki murza siraran tsiri uku, ki gasa ɗaya a 120, ɗaya a 130, ɗaya a 140, kowanne minti 30. Wanda ya lanƙwasu bai karye ba kuma launinsa bai sauya ba, zafinsa za ki riƙe.

Kayana suna fitowa da kyau, launi bai ƙone ba, amma da an ɗan matsa sai su karye kamar biskit. Wata ta dawo mini da sarƙa kwana biyu da saye. — Mai sana'ar kayan ado, Argungu

Hajiya, ba su nuna ba ne. Wannan ya fi ƙonewa yawa, don ƙonewa ana ganinta da ido, rashin nuna kuwa sai kaya sun je hannun mai saye. Yawanci tsoron ƙonewa ne ke sa a rage wuta ko a yi saurin fitarwa. Yumɓun da ya sha zafin da bai kai ba yakan yi tauri a fuska, amma ƙwayoyin robar ba su gama mannewa ba, sai ya zama mai gautsi.

Ki raba abu biyu a ranki. Zafi ba a wasa da shi, ba a ƙara ba a ragewa. Lokaci kuma ana iya ƙara shi ba tare da fargaba ba. Muddin zafin na daidai kuma an rufe aikin, awa guda ba ta ƙona yumɓu, ƙarfi ma take ƙara masa. Mu a ganinmu minti 15 da wasu ledoji ke faɗa sun yi kaɗan ga abin da za a sa a jiki ana gogawa. Ki ba siraran 'yan kunne minti 45 zuwa awa ɗaya. Ga abu mai kauri, ki auna inda ya fi kauri, ki ba kowane milimita 6 minti 30: dutsen sarƙa mai kaurin milimita 12 awa guda ke nan aƙalla. Ƙirgen kuma ba daga lokacin da kika rufe ƙofa yake farawa ba, sai ma'auni ya dawo kan lambarsa. In a kan tayil mai sanyi kika yi aikin kika sa shi haka, tayil ɗin kansa na cin minti 10 ko fiye kafin ya ɗauki zafi.

Kada ki yanke hukunci yana da zafi. Yumɓun roba na fitowa daga obin da laushi, sai ya huce yake yin ƙarfi. Danna farce ma ba gwaji ba ne. Ki riƙa sa ɗan tsiri mai kaurin milimita 2 tare da kowane gashi, in ya huce ki lanƙwasa shi. Wanda ya nuna zai lanƙwasu ya dawo, ɗanye zai ɓalle nan take, bakin karayar ya yi gari-gari. Irin yumɓun ma na da tasiri: Sculpey III ko ya nuna sarai bai kai Premo ko Fimo Professional juriya a siririn abu ba.

Waɗanda ke hannunki ba asara ba ne. In ba ki shafa musu man ƙyalli ko manna musu duwatsun roba da gam ba, ki mayar da su obin ki ba su cikakken lokaci.

Ina taya maiɗakina wannan aiki. Matsalarmu wuta: ko a ɗauke ana tsakiyar gashi, ko ta zo ba ƙarfi. Janaretanmu ƙarami ne. — Wani magidanci, Ƙaura Namoda

Malam, in an ɗauke wuta kada ku buɗe ƙofar. Ku duba ma'auni ta gilashi. Obin mai tayil a ciki na riƙe zafi na ɗan lokaci, kuma in wutar ta dawo kafin allura ta sauka sosai, sai ku ci gaba ku ƙara mintocin da aka rasa. In ta daɗe har ya huce, ku fitar da kwanon a hankali ba tare da taɓa kayan ba, don rabin-nunanne ya fi ɗanye saurin karyewa. Idan wuta ta dawo ku zafafa obin shi kaɗai, ya daidaita, ku mayar, ku fara ƙirge daga farko. Ana gasa yumɓun roba sau biyu, sau uku, ba abin da zai same shi. Abin gudu shi ne a bar kayan a ciki da makunni a kunne, wuta ta dawo ba kowa a kusa, obin ya hau da su daga sanyi.

Raunin wuta kuwa ya fi yadda ake zato tasiri. An ƙera obin ɗin don bolt 230. Idan wutar ta sauka zuwa 180, zafin da ƙarafan ke bayarwa yana komawa wajen kashi 60 cikin 100 ne. Obin zai daɗe bai kai ba, kuma in an buɗe ƙofa zai daɗe bai farfaɗo ba. Wanda ke bin agogo kawai zai fitar da ɗanye. Nan ma ma'auni ne mafita.

Game da janareta, ka duba takardar da ke manne a bayan obin. Ƙananan na kan tebur sukan ci wat 1,200 zuwa 1,500, wasu fiye. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka bai kai wat 1,000 ba, ba zai ja ba, wahalar da shi kawai za ku yi. Mai kVA 2.5 zai ɗauka in an kashe firji da dutsen guga. Inbata ma wannan lissafin ne, kuma tana zuƙe batir da sauri, gara a yi da rana tsaka lokacin da sola ke caji. Tun da zafafa obin ne ke cin wuta, ku tara aikin kwana biyu ko uku ku gasa a zama ɗaya.

Anti, ni ba ni da obin na lantarki. Kek ma a tukunya da yashi nake gasawa. Zai yiwu da wannan yumɓun? Yayata kuma tana da kuka mai obin na gas. — Wata mai karatu, Jega

Zai yiwu, kuma in an iya shi yashi na riƙe zafi fiye da wasu ƙananan obin. Amma sharaɗin ma'auni ya fi tsanani a nan, don babu na'urar da za ta kashe wuta in zafi ya wuce. Ke ce na'urar.

Ki samu babbar tukunyar alminiyom mai kauri, wadda murfinta ke zama daram, ki ware ta don wannan aiki. Ki tankaɗe yashin gulbi, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, don danshi na zama tururi ya bar tabo a jikin aiki. Ki zuba ya kai kaurin santimita 4 zuwa 5. Ga 'yan'uwa na yankin Anka da Bukkuyum, kada a ɗebo yashi ko ƙasa daga inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya. Gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga irin wannan ƙasar ta fito.

Kada ki ɗora aiki a kan yashin kai tsaye, na ƙasan tukunya yana iya haura 200 alhali iskar sama ba ta kai 130 ba. Ki kafa gwangwanayen tumatir uku da aka cire musu takarda, ko zoben ƙarfe, ki ɗora tayil a kai, ya zama akwai tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da yashi, kuma bai taɓa jikin tukunya ba. Ma'auni mai waya ne ya dace, ki zura wayar ta ƙarƙashin murfi, tsinken ya tsaya a iska kusa da tayil. Mai allura zai tilasta miki ɗaga murfi kowane lokaci, sai dai in murfin gilashi ne.

Ki kunna gas ko risho a mafi ƙanƙantar wuta, ki ba shi minti 20 zuwa 30. Yashi na da nawa: in kin rage wuta zafi zai ci gaba da hawa na wasu mintoci, in kin ƙara ba za ki ga sakamako nan take ba. Don haka ki rage tun ana saura digiri 10 a kai, kuma kada ki sa aiki sai lambar ta zauna wuri ɗaya na minti 10. In mafi ƙanƙantar wutar ma ta yi yawa, ki sa faifan ƙarfe tsakanin wuta da tukunya, ko ki riƙa kashewa kina kunnawa.

Gawayi shi ne mafi wuya. In shi kaɗai gare ki, ki bari ya ruru ya zama garwashi, ki rage shi sosai, ki yayyafa toka a kai, kuma a tsakar gida ba cikin ɗaki ba. Garwashin da ake ɗorawa a kan murfi wajen kek, a nan ba a sa shi.

Obin ɗin yayarki kuma a auna shi tukuna. In makunninsa na da lambobin gas, kwata wajen 110 ne, rabi wajen 120 zuwa 130, lamba 1 kuma 140. Da yawa ba su da waɗannan ƙananan, ƙaramar wutarsu ma ta wuce abin da ake so. In haka ne, a sa tayil, a rufe aiki, a ɗan dogare ƙofar da muciya ta bar siririyar kafa, ana duba ma'auni. Kada tayil ko foyil ya toshe ramukan da ke ƙasan obin. A tsaya a wurin, in iska ta kashe wutar a rufe gas, a buɗe ƙofa ya sha iska sosai kafin a sake kunnawa.

Na sayi yumɓu mai launi a shagon kayan makaranta, na sa a obin ya narke ya zama ruwa. Ko in shanya a rana ne? — Wani matashi, Talata Mafara

Ɗan'uwa, abin da ka saya ba folima ba ne. Yumɓun wasan yara ne da ake yi da kakin zuma ko mai, ba ya tauri har abada, zafi narkar da shi yake yi. Akwai kuma mara nauyi kamar soso wanda iska ke busarwa, shi ma ba a gasa shi. In ba a rubuta zafi da mintoci a leda ba, ba na obin ba ne.

Folima na gaske kuma rana ba ta nunar da shi, ko ranar watan Afrilu ce. Za ta sandarar da shi ne kawai ya yi gautsi. Dafawa a ruwa ma ba ta yi, ruwa ba ya wuce digiri 100. Kada ka kusanci maikurowef da shi, wani gefen zai ƙone wani na ɗanye. Tandar gidan burodi da ramin gashin tukwane kuwa zafinsu ya yi masa yawa nesa ba kusa ba.

Farin yumɓuna na komawa ruwan ƙasa-ƙasa, bayansa na yin ƙyalli, duwatsu kuma gefe ɗaya na baje. Wani lokaci har ƙuraje nake gani. — Malama, Zuru

Fari da wanda haske ke ratsawa su ne farkon nuna alamar zafi ya yi tsalle. Bayan rufin da muka bayyana a sama, ki binne su cikin garin sitaci ko kwanfulawa: ki zuba kaurin santimita 2 a kwano, ki jera, ki rufe da wani garin, ki ƙara minti 15 don garin na tare zafi. In sun huce ki wanke da ruwa. Wannan ya magance bajewar duwatsu ma, tun da babu wuri mai tauri da suka kwanta a kai. Ko ki naɗe kwali mara rubutu kamar mafici ki jera su a cikin kwarin, ko ki zura su a waya ki gitta a bakin kwano.

Ƙyallin baya daga tayil ko foyil yake, yumɓu na kwaikwayon santsin abin da ya kwanta a kai. Ki shimfiɗa farar takarda, ba ta kamawa da wuta a 130 muddin ba ta taɓa elimen ba. Banda jarida, tawadarta na bin yumɓu.

Ƙurajen iska ce da ta maƙale lokacin murzawa, zafi ya kumbura ta. In da injin taliya kike murzawa, ki riƙa zura gefen da kika ninke ya fara shiga, iska ta fita ta sama. Wadda kika gani ki huda da allura ki shafe. Abin da ya wuce kaurin santimita ɗaya da rabi kuma yakan tsage, gara ki dunƙule foyil tamau a ciki ki lulluɓe shi da yumɓu.

Obin ɗaya gare ni, da shi nake kek na sayarwa. Akwai illa? Kuma ragowar yumɓuna ya yi tauri a ɗaki tun ban taɓa shi ba. — Wata uwargida, Yawuri

Uwargida, a zafin da ya dace ɗan wari kawai yake yi. Ki gasa a rufaffen kwano, ki buɗe kwanon a waje, ki bar taga a buɗe, kuma kada ki haɗa shi da abinci a gashi ɗaya. Kwano, tayil, wuƙa da injin taliyar da suka taɓa ɗanyen yumɓu kada su koma kicin. Ba a kuma yin kofi, cokali ko farantin cin abinci da shi. In ya ƙone, hayaƙinsa na ɗauke da iskar haidurojin kulorayid mai yaji a ido da maƙogwaro. Ki kashe obin, ki fitar da yara da masu asma, ki buɗe ko'ina, in ya huce ki goge cikinsa da ruwan sabulu kafin ki sake sa kek.

Taurin da kika gani kuwa zafin ɗaki ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin garuruwanmu na haura 40, ƙarƙashin rufin kwano ko cikin mota a rufe ya fi haka, kuma wannan ya isa ya fara gasa ɗanyen yumɓu a ledarsa. Ki ajiye shi ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, cikin leda mai zif ko roba mai lamba 5 a gindinta. Roba mai lamba 6, irin mai ƙarau ɗin nan, man yumɓun na cinye ta. Wanda ya yi tauri ki yayyanka shi ƙanana, ki ɗiga man jarirai ɗigo biyu ko uku, ki ƙulle a leda ya kwana, ki murza. In ya haɗe ya yi laushi, tsufa ne kawai ya yi. In ya ci gaba da marmashewa da 'yan ƙulalai masu tauri, ya riga ya gasu. Ki ajiye shi don cika cikin manyan duwatsu, ki lulluɓe da sabo.